Harbin Agwagwar Ruwa a Fadamun Haɗeja: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Fara

Da an yanke shinkafa a fadamun Auyo, iskar hunturu ta fara kaɗawa, kirinjijiya, agwagwar ruwan nan, ta fara ratsa sama tana fito cikin dare, sai samari su riƙa zuwa wurina da tambaya guda: "Baba, nawa bindiga take yanzu?" Ni kuwa abin da nake gaya musu shi ne, bindiga ce abu na ƙarshe da mai son harbin agwagwar ruwa zai saya. Wanda aljihunsa ba nauyi, jarinsa ƙafa ne da ido da haƙurin zama cikin sanyi. Idan ya tara waɗannan, harsashi ɗaya ya isa ya kawo nama gida. Idan bai tara su ba, kuɗin buhun shinkafa zai ƙone a sama ya dawo hannu rabbana.

Saboda haka farkon abin yi ba ya cin ko sisi. Ka nemi tsohon maharbi a ƙauyenku ko na kusa, ka je ka gaishe shi da ɗan goronka, ka ce kana son ka riƙa bin sa. In garinku akwai sarkin baka, wato shugaban maharba, ta wurinsa za ka bi, don shi ya san wanda hannunsa ke da kyau da wanda ke da gaggawa. Ka ɗauki jaka, ka riƙe sanda, ka shiga ruwa ka ɗauko abin da aka harbo. Ni a ganina, kakar farko gaba ɗaya ka yi ta ba tare da ka taɓa kunamar bindiga ba. A nan za ka koyi inda tsuntsu ke kwana, inda yake kiwo, da hanyar da yake bi tsakanin biyun. Wannan hanyar ita ce dukan sana'ar. Agwagwar ruwa tana da al'ada, in ba a tsorata ta ba, ta inda ta bi jiya da asuba ta nan za ta bi yau.

Sai ka san wa kake nema. Kirinjijiya ita ce ta kowa: farar fuska, baƙin ƙeya, dogon wuya, fitonta sau uku a jere, kuma tana tafiya garke-garke. Da dare take yawan kiwo, da rana ta taru a bakin tafki tana hutawa. Nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, amma namanta ya fi na sauran daɗi a bakina. Dinya ita ce babba, babu tsuntsun ruwa irin agwagwa da ya kai ta girma a Afirka; namijin yakan haura kilo biyar. Tana da ƙaho mai tsini a gwiwar fiffike, kuma in ka kama mai rauni ba ka yi hattara ba za ta tsaga maka hannu da shi. Ga ta da wayo, ga gashinta da kauri, don haka sabon maharbi ya ƙyale ta tukuna. Akwai kuma wata agwagwa mai baƙin baya, cikinta fari, wadda namijinta ke da ƙullutu a kan baki. Waɗannan duk 'yan gida ne, a nan suke ƙwai da damina.

Baƙi kuma suna nan. Daga wajen watan Oktoba ƙananan agwagi masu saurin tashi suke sauka a fadamunmu, wasu da farin layi a saman ido, wasu da doguwar wutsiya mai tsini. Daga Turai da Rasha suke tasowa, su ƙetare hamadar Sahara, su yi hunturu a nan, zuwa Maris su koma. Saboda su ne duniya ta san da dausayin Haɗeja da Nguru. Duk wanda ya taɓa riƙe ɗaya a tafin hannunsa ya ji rashin nauyinta, ya kuma tuna tafiyar da ta yi, ba sai an ce masa kada ya yi ɓarna ba.

Lokacin harbi daga bayan kaka ne zuwa ƙarshen hunturu. Da damina ba a harbi, kuma wannan ba magana ce ta Bature ba, iyayenmu ma haka suka yi. Uwa ɗaya da ka kashe a watan Agusta, ka kashe ta da ƙwanta ko 'ya'yanta gaba ɗaya. Haka nan akwai 'yan makonni da agwagwa ke zubar da gashin fiffike ba ta iya tashi. Wanda ya bi ta da kare da sanda a wannan hali ba farauta yake ba.

Inda za ka je da inda ba za ka je ba

Ruwan da muke taƙama da shi daga kogin Haɗeja da na Jama'are yake, yana malala ta Ringim, Taura, Miga, Auyo, Kafin Hausa har Kirikasamma da Guri. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta canza hali, kachalla kuma, doguwar ciyawar ruwan nan, ta cinye wurare da yawa da a da fili ne na ruwa. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, kada ka ɓata lokaci a tsakiyar kachalla mai duhu. Agwagwa tana son ruwa marar zurfi, mai bado da ciyawa, kusa da gonar shinkafar da aka girbe inda tsaba ta zube. Ka nemi buɗaɗɗen wuri a gefen kachalla, ka duba laka da safe: sawu, kashi da gashin da ya zuba za su gaya maka ko ana kwana a wurin.

Dajin Baturiya da ke Kirikasamma wuri ne da gwamnati ta keɓe, kuma tun 2008 yana cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta duniya ke karewa. Dagona, can ɓangaren Yobe, tana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi. Waɗannan wurare ba na harbi ba ne. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ma'aikatan daji ba sa zuwa da asuba. Tsuntsun da kake samu a tafkin ƙauyenku, a irin waɗannan wurare yake samun inda zai huta, shi ya sa yake dawowa.

Sauran ruwan ma yana da masu shi. Kowane tafki akwai sarkin ruwa ko masuntan da ke da haƙƙi a kansa, kowace fadama akwai mai gona. Ka je ka yi sallama. Yawancin manoman shinkafa murna za su yi, don dinya da kirinjijiya suna yi musu ɓarna, har su nuna maka ta inda suke sauka. Ka kuma sanar da mai unguwa da 'yan sintirin yankin. Zamanin da muke ciki, mutum da bindiga a bakin ruwa kafin asuba, ba wanda ya san shi, yana iya rasa ransa kafin ya buɗe baki ya yi bayani.

Maganar bindiga

Dokar makamai ta Najeriya, wadda ke nan tun 1959, ta raba bindigogi aji-aji. Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, al'amarinta yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Mai cin harsashi, baki ɗaya ko baki biyu, lasisinta daga ofishin Sufeto Janar yake fitowa, kuma a 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Ban da wannan akwai dokar namun daji ta Arewa ta 1963, wadda ta ce farauta sai da izini, kuma hukuma takan hana farauta ɗungurungum a wasu lokuta idan an samu rikici. Don haka kafin ka ba kowa kuɗinka, ka tafi da sarkin baka ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukumarku da sashen kula da gandun daji, ku ji abin da ke aiki a yanzu. Ka shiga ƙungiyar maharba ka karɓi katinka. Bindigar da aka kawo maka cikin buhu da dare, mai araha, ba takarda, ba ka san abin da aka aikata da ita ba, ita ce mafi tsada da za ka taɓa saya.

In komai ya daidaita, ga ra'ayina. Bindigar toka ta fi sauƙin kuɗi, amma ba ta son ruwa ko kaɗan. Albarushi ya sha raɓa, shi ke nan. Kuma ita ce ta fi raunata masu ita: a cika mata albarushi fiye da ƙima don a kai nesa, bututun ya fashe, yatsu su tafi. Ma'aunin da malaminka ya nuna maka, kada ka ƙara ko ƙwaya. Mai baki ɗaya mai cin harsashi ta fi aminci, kuma tana koya wa mutum natsuwa tunda dama ɗaya gare shi. Tsohuwa ma ta isa, in dai wanda ya sani ya duba ta: cikin bututun ba tsatsa mai rami, ba kumburi, kuma in an rufe ta ba ta girgiɗi. Ga kirinjijiya da ƙananan baƙi, harsashi mai lamba 4 ko 5 ya wadatar. Masu manyan ƙwayoyi na dinya ne, a kan ƙaramin tsuntsu ɓata nama kawai suke yi.

Sauran kaya kuwa, rabinsu suna gidanku. Riga mai kauri ta gwanjo, launin ƙasa ko ruwan toka, daga kasuwar Gujungu ko ta Haɗeja. Fari da ja ka bar su a gida. Hular sanyi. Dogon takalmin roba irin na masu aikin fadama. Wuƙa mai kaifi sosai, tocila, igiya, buhu, leda mai kauri ta naɗe harsashi, da doguwar gora ta gwada zurfin ruwa. In da abin da zan ce ka kashe wa kuɗi ba ka ji ciwo ba, takalmin ne. Ruwan fadamarmu yana da tsargiya, ga matsattsaku, ga ƙaya da fasasshen katantanwa a cikin laka. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganinta yana nan kuma ba shi da tsada.

Bukka, iska da zama

A nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake cin riba, don haka zan daɗe a kai.

Idon agwagwa ya fi naka nesa ba kusa ba, kuma tana gane abin da ba ta saba gani ba. Kakanninmu da suke ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe cikin ciyawa sun san haka: dabba ba ta gudun abin da ta saba da shi. Saboda haka ka kafa bukkar da za ka ɓuya a ciki kwana biyu ko uku kafin ranar harbi, lokacin da tsuntsayen ba sa wurin. Da abin da ke wurin za ka yi ta, kachalla, karan dawa, ciyawa. Kada ta fi ƙirjinka tsawo in kana zaune, kada kuma ka yanko ɗanyen ganye ka kafa a inda komai ya bushe. Ka sa ɗan dutse ko guntun icce na zama, don wanda ya tsuguna cikin laka ba ya iya minti talatin bai motsa ba.

Wajen zaɓen gefen da za ka kafa ta, iska za ka bi. Agwagwa tana sauka tana fuskantar iska, haka kuma take tashi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. In ka zauna a gefen tafki na arewa maso gabas, iska tana bugun bayanka, tsuntsayen za su zo ta gabanka, sun buɗe fiffike, sun rage gudu, ƙirjinsu a fili. Ga wata riba kuma: rana za ta fito ta bayanka, ta haske su, ta kashe musu ido. Wanda ya zauna a ɗaya gefen, wutsiya kawai zai riƙa gani, rana kuma tana cikin idonsa.

A ƙasashen waje ana sayar da agwagin roba da ake zubawa a ruwa don jawo na gaske. Ba sai ka saya ba. Tsofaffin robobin mai na lita huɗu ko ƙananan goruna, ka shafe su da baƙi da ruwan ƙasa marar ƙyalli, ka zuba ɗan yashi a ciki don su zauna daidai, ka ɗaura musu igiya da dutse. Shida zuwa goma sun isa. Ka watsa su kamar taku ashirin daga bukka, ka bar fili a tsakiya inda masu zuwa za su sauka. Ƙyalli shi ne abokin gaba. Robar da ke walƙiya a rana korar tsuntsu take yi. Kirinjijiya kuma tana amsa fito. Ka saurare ta da dare har bakinka ya iya kwaikwayonta, ba ka buƙatar wani usur na kanti. Amma kada ka yawaita, sau biyu in sun nufo, da sun juyo sai ka yi shiru.

Ka isa bukka tun da duhu. Ni nakan yi alwala tun daga gida, in yi sallar asuba a kan tudu kusa da wurin, sannan in shiga in zauna. Daga fitowar alfijir zuwa hantsi kaɗan ne lokacin, sai kuma gab da magariba. Waya a kashe, taba a aljihu, fuska a ƙasa. Fuskar mutum in ta kalli sama tana haske daga nesa, don haka da ido za ka bi su, ba da kai ba.

Harbin kansa

Tun da rana ka auna taku talatin daga bukka ka kafa kara a cikin ruwa. Abin da ke bayan wannan kara ba naka ba ne. Yawancin harsashin da sababbi ke asara a kan tsuntsun da ya yi nisa ne, kuma mafi muni, ƙwaya ɗaya ko biyu takan same shi, ya tafi ya mutu cikin kachalla ba wanda ya amfana. In garke ya zo, kada ka harba cikin tsakiyarsu da fatan sa'a. Ka zaɓi guda ɗaya. In a sama take, ka bi ta da bakin bindiga daga baya, ka wuce bakinta kaɗan, ka danna hannunka yana ci gaba da tafiya. Wanda ya tsayar da hannu lokacin dannawa, bayanta zai harba. Gindin bindiga kuma ya zauna daram a kafaɗa, kumatu a jikin icce.

Kafin duk wannan, ka san abin da ke bayan tsuntsun. Ƙwayar harsashi tana tsalle a kan ruwa ta tafi inda ba ka nufa ba. Da asuba masunta suna kan gora suna duba koma, kansu kawai ke sama, cikin hazo kuwa ba su da bambanci da tsuntsu. Makiyaya suna kawo shanu, yara suna zuwa cire bado. Abin da ba ka gani sarai ba, kada ka harbe shi. Ba a shiga kwalekwale da bindiga a ɗure, ba a tsallake rami da ita a ɗure, ba a jingina ta a bukka a ɗure. In ka yi tuntuɓe bakinta ya taɓa laka, ka cire harsashi ka duba, don bututun da ya toshe fashewa yake yi. In kuma ka danna ba ta tashi ba, musamman ta toka, ka ci gaba da nuna ta wajen ruwa ka ƙirga har sittin. Takan yi jinkiri ta tashi daga baya.

Sai abin da ya shafi halal, wanda a ruwa yake da nasa hukunci. Ka yi bisimilla lokacin da za ka danna. Da tsuntsu ya faɗo, ka tashi nan take ka ɗauko shi, in da sauran rai ka yanka. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin abin farautar da aka tarar ya faɗa ruwa ya mutu, domin ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ko kibiyar ba. Mu da kusan duk abin da muke harbi a ruwa yake faɗawa, wannan ya isa ya sa mu harbi na kusa, a ruwa marar zurfi, inda za mu kai gare shi da sauri. Wanda kuma aka buge da danƙo ko sanda ya mutu kafin a yanka, mushe ne, aya ta 3 ta Suratul Ma'ida ta ambaci wanda aka buge ya mutu. Ka zauna da malamin unguwarku ya warware maka sauran rassan mas'alar kafin ka fara.

Kirinjijiya tana da wani hali: in ɗaya ta faɗi, sauran sukan kewayo suna kuka a kanta. Mai haɗama a nan yake ɗura ya sake, ya ɗura ya sake. Ni dai biyu ko uku sun ishi tukunyar gidana da ta maƙwabci, kuma tafki ɗaya ba na harbinsa kwana biyu a jere. In ka matsa wa wuri, cikin mako guda za su ƙaurace masa, kai ne kuma za ka koma biyan kuɗin mashin zuwa nesa.

Akwai masu jiƙa shinkafa da maganin ƙwari su watsa a bakin ruwa, da safe su kwashe gawarwaki su kai kasuwa. Wannan ba maharba ba ne. Mushe suke ciyar da mutane, mai guba kuma, suna kashe kifi da duk tsuntsun da ya sauka, har da dabbobin da suka sha ruwan. In ka gani ka gaya wa sarkin ruwa da mai unguwa. Haka in ka tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa ba rauni a jikinsu, ko wata tana layi ta kasa tashi, kada ka taɓa. Murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan a 2006 kuma tana dawowa lokaci-lokaci, tsuntsayen ruwa na cikin masu ɗaukar ta. Ka sanar da malaman dabbobi. Ko lafiyayyar da ka harbo ma, ka fige ta nesa da kajin gida, ka binne gashi da kayan ciki, ka wanke hannu da sabulu.

Wajen gyara, ka cire kayan ciki da wuri tun kafin rana ta yi zafi. Ka bi ramin kowace ƙwaya da tsinin wuƙa ka fitar da ita, ka yanke naman da ya yi baƙi a kewayenta. Dalma ce, kuma abin da ya faru da yaran Zamfara a 2010 ya nuna mana abin da gubar dalma ke yi wa ƙananan yara, don haka rabon yara da mai ciki a ba su daga inda harsashi bai taɓa ba. Kirinjijiya tana yin farfesu mai kyau da citta, masoro da tafarnuwa. Dinya naman ta da tauri, sai an daɗe ana dafawa, wasu ma sukan fara kyafe ta. Cinya ɗaya ta malaminka na farauta ce, ko ya zo ko bai zo ba, mai gonar da ya ba ka wuri shi ma a kai masa nasa.

Ranar da ka dawo, kafin ka kwanta, ka goge bututun da tsumma a kan sanda har ya fito fes, ka shafa ɗan man keken ɗinki ciki da waje. Ta toka sai an wanke ta da ruwan zafi an busar sosai, don tokar albarushi tana jan danshi ta ci ƙarfe. Bindiga a ɗaki mai kulle, harsashi da albarushi a wani wurin daban, nesa da murhu, makullin kuma a jikinka.